Yashin da Na Riƙa Ragewa

Shekarun da muka zauna a Tudun Wada, kafin a samu 'yancin kai, duk unguwa ta san maigidana da gudu. Tsohon soja ne, yana aikin masinja a ofis. Da an sallame sallar asuba sai ya zura gajeren wando ya nufi Gyallesu a guje, ya dawo sharkaf da gumi, sannan ya hau ɗaga wani ƙarfe da ya maƙala wa gwangwanayen siminti. Maƙwabta suna ta dariya, wai magidanci da furfurarsa yana gudu ba abin da ya koro shi. Ni ma na sha yi masa tsiya.

Yakan ce mini ƙarfen don ƙarfin jiki ne, gudun don numfashi, kuma ɗaya ba ya wadatarwa. Mahaifinsa da yayansa duk shanyewar jiki ce ta kwantar da su, shi kuwa ya rantse ba za a taɓa ba shi abinci a baki ba.

Wata Laraba shanyewar jikin ta same shi yana alwala. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace.

Bai karaya ba. Ya sa na ɗinka 'yar jaka na cika da yashi, ina ɗaura masa a wuyan hannu. Kullum da hantsi yana kan tabarma yana kokawa da ita, jijiyoyin wuya duk sun tashi, jakar ko motsi. Burinsa kawai ya kai loma bakinsa da kansa. Na kasa jure kallo. In ya yi barcin rana sai in kwance bakin jakar, in ɗebi tafi guda in zuba bayan randa.

Ranar da jakar ta ɗaga daga ƙasa har guɗa na yi. Ƙarya nake yi, kuma na tsani kaina. Hannun kullum ƙara ramewa yake, ni kuma ina ƙara ɗiba.

Bayan damina, wata safiya na zo ɗaura masa, jakar ta koma tsumma. Ya dube ta, ya dubi tarin yashin bayan randa, wanda wautata ta hana ni sharewa.

"Uwargida," ya ce da harshensa mai nauyi, "yashi ya ƙare. Gobe me za ki rage?"

Na jawo kwanon koko, na ɗebo a ludayi. Ya daɗe yana kallon ƙarfensa da ya yi tsatsa a gindin katanga, sannan ya buɗe baki.