Ƙurjin Gefen Hancin Yaya Saratu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Saratu, kuma ban manta lokacin da abin ya faro ba: ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba, a tsakar gidanmu a Kebbe. Na duba agogo ne saboda haushin ta katse min karatu.

Shekararta ashirin da shida, malamar firamare ce, kuma tun tana sakandare ƙuraje ba su bar fuskarta ba. Ba ƙananan nan masu zuwa su wuce ba. Manya ne masu tauri a ƙarƙashin fata, a kumatu da haɓa har gadon baya. Ɗaya na sacewa ya bar rami, wani na tasowa. A gida ba wanda ya ɗauke su ciwo. Inna ta ce gyaɗa ce, aka hana ta ƙuliƙuli. Gwaggo ta ce na balaga ne, za su wuce. Shekara goma sha ɗaya ba su wuce ba.

Washegarin wannan Larabar za ta Tambuwal ɗaukar hoton takardar neman ƙarin karatu, sai ga wani ya fito a gefen hancinta, ja, kamar ƙwayar wake.

"Nana, aje littafin ga ki taho," in ji ta. "Hannunki ya fi nawa sanyi. Ko so kike a ce malama ta zo da hanci biyu?"

Na yi dariya. Na gasa allurar ɗinki da ashana yadda matan gidanmu ke yi, na tsaga, na matsa, muka shafa jar kanwa da lemun tsami. Ta ce na iya. Shekarata goma sha biyar.

Ranar Juma'a fuskar ta kumbura, ga zazzaɓi. Asabar idon hagu ya rufe. Inna ta ce, "Ƙurji ne fa, mi za a kai asibiti?" Sai Litinin, da ta fara maganar da ba a ganewa, Baba ya riƙe ta a kan babur har Tambuwal. Daga can aka tura su Sakkwato. Talata da hantsi ta cika. Allah ya jiƙanta.

Masu gaisuwa suka ji cewa zazzaɓi ne. Zancen allura ban faɗa wa kowa ba.

Yanzu ina aji biyu a makarantar koyon aikin lafiya. Ranar da aka yi mana darasin fata ne na ji cewa ƙurajen fuska ciwo ne mai matakai, daga ɗigon baƙi da fari zuwa masu ruwa, zuwa masu tauri da ke barin tabo, kuma irin na Yaya su ne mafi tsanani. Na ji suna kama manya, maza da mata, ba matasa kaɗai ba. Ba ƙazanta ba ce. Suna da magani. Sai malamarmu, tsohuwar nas ce, ta zana fuska a allo ta zagaye hanci da leɓen sama. Ta ce jijiyoyin jinin wurin suna haɗe da na cikin kai, don haka ƙwayar cuta na iya bi ta nan in an tsaga, ko da yake ba kasafai ba. Biro ya faɗi daga hannuna. Ban ɗauka ba har aka tashi.

Ina yawan tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga ɗakin kwananmu. 'Yan mata sun taru a kan waya suna kallon ana matse ƙuraje suna shewa, gefen gado ga man shafawa da aka haɗa a kasuwa, ba suna ba takarda. Na san da su za ta fara dariyar, sannan ta ce a miƙo man ta gwada. Ta gaji ne, kuma ba wanda ya taɓa ce mata akwai ɗakin likita da ake shiga da wannan ƙorafi.

Abin da ya rage min nata ba yawa: rubutunta a gefen littattafaina, da tsayuwarta gaban aji fuska a buɗe, ba ta taɓa jan gyale ta rufe ba. Ni da ƙurji ɗaya ke hana ni ɗaga hannu a aji, yanzu na san abin da wannan tsayuwa ta ci mata.

Sati uku na yi kafin na iya tsayar da malamar a bakin ofis. Na faɗa mata komai, rana bi rana. Na ce, "Malama, ni na kashe ta?"

Ta dube ni ta ce:

"Ɗiyata, ba ni yi miki ƙarya, allurar ta buɗe hanya. Amma rai na Allah ne, kuma ke abin da kinka gani ana yi kinka yi. Shekara goma sha ɗaya tana yawo da ciwo a fuska, kowa na gani, mu ma'aikatan lafiya ma muna gani, ba wanda ya ce mata zo. Ki aje naki kason a nan. Duk wadda kinka gani da irin fuskarta, ki ce mata zo."