Na Bar Jiran Gurbi Na Shiga Siton Wake

Sau uku na nemi gurbin horon ƙwarewa a fannin lafiyar yara, sau uku ana fitar da sunaye babu nawa. A karon farko na yi kuka. A na biyu na kwanta zazzaɓi. Na ukun a tsakar gidanmu na Kankiya ya same ni, ina tsintar shinkafa, wata ƙawata ta turo mini takardar sunayen ta waya. Na duba daga sama har ƙasa, na sake dubawa daga ƙasa zuwa sama, sannan na kife wayar na ci gaba da tsintata.

A Sudan na yi karatun likita. Da na dawo na zauna jarrabawar da ake yi wa waɗanda suka yi karatu a waje, na ci. Na yi shekarar koyon aiki a asibiti, na yi bautar ƙasa, na ci jarrabawar share fagen ƙwarewa. Abin da ya rage kawai wani asibitin koyarwa ya ɗauke ni ya horar da ni. A wurin intabiyu ta ƙarshe wani dattijon likita ya juya takarduna ya ce, "Ku 'yan waje kun iya littafi, hannu ne babu." Bai tambaye ni yara nawa na sa wa ƙarin ruwa ba. Maganar ta zauna mini.

Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne. Da kaka yakan sayi wake da dawa daga manoman Fakuwa da Tafashiya, ya tara a sitonsa da ke bayan kasuwa, ya fitar idan damina ta kama. Da wannan sana'ar ya kai ni ƙasar waje. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Da na faɗa masa sakamakon, sai ya ce, "Uwata, baɗi ma shekara ce." Ya tashi ya tafi masallaci.

Kafin baɗin na kama aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a cikin gari. Wata ranar Talata da hantsi aka shigo da mutum biyar daga wani ƙauye a hanyar Fakuwa, mata uku da yara mata biyu. Suna amai, suna gudawa, gumi ya jiƙe su, yawu yana dalala. Wanda ya kawo su ya ce kwalara ce. Na buɗe idon ƙaramar yarinyar na ga ƙwayar idon ta ƙanƙance kamar tsinin allura. Na sunkuya kusa da bakinta, sai wani wari ya buge ni wanda na sani tun ina ƙarama. Warin siton babana ne. Warin da ke jikin rigarsa duk ranar da aka yi ɗurin buhuna.

Na tambayi babbar cikinsu me suka ci. Da ƙyar ta ce alala. Waken kuma a kasuwa aka auno shi jiya.

Muna da allurar da ake karya irin wannan gubar, amma kaɗan ce, sai da aka zaga kemis-kemis aka ƙaro. Duk sun tashi. Yarinyar ce ta fi jin jiki, kwana huɗu ta yi a wurinmu, kuma da aka sallame ta ƙafafunta ba su gama ɗaukarta ba. Ban san daga siton wa waken ya fito ba, ban kuma bincika ba. Ina tsoron abin da zan ji.

Da la'asar ɗin ranar da aka kawo su na je na sami babana a ƙofar sito. Ban saba zuwa wurin ba, har maƙwabtansa suka bi ni da kallo. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina so ya nuna mini abin da ake zuba wa wake. Ya yi dariya ya sa aka ɗauko kwalbar fiya-fiya da gwangwanin ƙwayar da suke kira bom. Ya ce ana yayyafa wannan a cuɗe, a cusa wannan a tsakiya, a ɗinke.

"Baba, wannan guba ce. Yau na ga abin da take yi."

"In an daɗe tana hita," in ji shi. "Masu gaggawar hiddawa ne ke jawo ma mutane."

"Wa ya san buhun da ya daɗe da wanda bai daɗe ba, in ya shiga kwanon awo?"

Ya dube ni. Ban taɓa mayar masa da magana ba. Ya ce, "Uwata, in ban zuba ba, kahin wata biyu ƙwari sun mai da shi gari. Da wannan kwalbar da kike rainawa kika hau jirgi."

Na ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa ba zan iya yin shiru ba."

Ya sa aka mayar da kwalbar da gwangwanin ciki. Na tashi na tafi gida.

Na yi makonni ina karatu a waya, irin karatun da na saba yi don jarrabawa, sai dai wannan karon a kan ƙwaron wake. Abin da na gano ba sabo ba ne, malaman gona sun daɗe suna faɗa, ba a dai saurare su ba. Ƙwaro yana numfashi. In aka busar da wake sosai aka zuba shi cikin buhu mai leda biyu masu kauri a ciki, aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ƙwayayensu za su mutu da kansu. Na yi mamakin yadda na shekara shida ina karanta numfashin mutum, ban taɓa tunanin wannan ba.

Da kaka ta zo na koma wurinsa na roƙi kusurwa ɗaya a ƙaramin sitonsa, da wake buhu goma sha biyu. Ya ce in ɗauka, in na lalatar da su zan huta da surutu. Na sa aka kawo mini buhunan daga Kano. Na ɗaure ɗankwalina, na sa tsohon hijabi, na shanya waken a kan tamfal, ina ɗauka ina gatsawa in ji ko ya bushe. Ni na tsaya aka zuba, ni na ɗaure kowane baki da hannuna.

Kafin mako ya zagayo an raɗa mini suna a gari: likitar wake. Mata suna zuwa wurin innata kamar masu jaje. Wata ta ce ko dai sammu aka yi mini a can Sudan. Na lura innata ta daina zuwa biki.

Baffana, yayan babana, ya taso takanas daga Kusada. Ya zauna a zaure ya sa aka kira ni. Ya ce ya san wani da ya san wani babba, in na ba shi takarduna za a yi magana, baɗi sunana zai fito.

Na ce, "Baffa, na gode. Ba zan bayar ba."

"Don me?"

"Sau uku na je da ƙafata, da abin da na sani. In sai an roƙa za a ɗauke ni, to su riƙe gurbinsu."

"Ke yanzu kin zaɓi a ce ɗiyar gidanmu tana cikin 'yan dako? Duk karatun nan ya tashi a banza?"

"Karatun ne ya kai ni siton, Baffa. Da ban yi shi ba, da na ce kwalara ce, na sa musu ruwa, yarinyar ta mutu a hannuna."

Ya juya ya dubi babana, yana jiran ya tsawata mini. Babana yana ta jan carbi, kansa a ƙasa. Can ya ce, "Yaya, ƙyale ta. Kan uwarmu gare ta." Baffa ya tashi ko ruwa bai sha ba. Ya yi kusan shekara ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Ba zan ce watannin nan sun yi mini daɗi ba. Abokan karatuna suna turo hotunansu da farar riga a manyan asibitoci, wasu a Saudiyya, wasu a Ingila. Nakan taya su murna, in kife wayar. Lokacin da aka sake buɗe neman gurbi na cike fom har rabi. Na tsaya a wurin da ake tambayar dalilin da ya sa nake son fannin yara. Na rubuta layi biyu, na ga abin da nake rubutawa labarin yarinyar nan ce mai alala. Na rufe. Maimakon haka na shiga wani kwas na lafiyar al'umma da tsaftar abinci da ake yi ta intanet, ina hawa saman matattakalar bene da safe don a nan ne kaɗai sabis ke kamawa.

Da ruwan farko ya sauka babana ya ce a buɗe. Ban so a tara mutane ba, amma labari ya riga ya zaga, 'yan kasuwa sun cika ƙofar siton. Buhun farko da aka jawo ɓera ya huda shi ta ƙasa ban sani ba. Ana kwancewa ƙwari suka yi ta fitowa, waken ya zama dusa. Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Likita, a yi mishi allura mana."

Na ji kunya har cikin ƙashina, amma na ce a jawo na biyu. Na kwance da kaina na tura hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga tsakiya. Fari tas, babu huda ko ɗaya, babu wari. Na uku haka, na huɗu haka, har na ƙarshe. Dariyar ta mutu. Babana ya ɗebi tafi ɗaya ya sunsuna, ya jefa ƙwara biyu a baki ya tauna. A iya sanina bai taɓa sa waken sitonsa a baki ɗanye ba. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Sai a yi dakali a ɗora su, saboda ɓera." Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuma ban nemi ƙari ba.

Kada a ɗauka gari ya juya a rana ɗaya. Da yawa sun ce buhun ya yi tsada, kwalba ta fi sauƙi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Babana kansa rabin wakensa kawai ya sauya a kakar da ta biyo. Sauran har yanzu muna ja. Waɗanda suka fara zuwa wurina mata ne masu ƙosai da alala, su da ke ciyar da mutane kuma 'ya'yansu ke cin ragowar. Suka ce in ware musu waken da ba a sa wa magani ba. Daga nan manoma suka fara kawo nasu in adana musu. Yanzu ina da sitona na kaina. Na rage aikin asibiti zuwa kwana biyu a mako, don kada hannuna ya manta. Sauran kwanakin ina sito, ko ina ƙauye ina nuna yadda ake ɗaure leda, ko ina koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su bambanta guba da kwalara. Wasu abokaina da su ma ba su sami gurbi ba sun kama hanyoyinsu: ɗaya tana koyarwa a makarantar aikin lafiya, ɗaya ya shiga aikin rigakafi. Ba ma haɗuwa mu yi wa juna jaje.

Makon jiya ina kasuwar Kusada, a rumfar mata, na ga wata Bafulatana mai tallan nono ta fito da wata 'yar kwalba tana tsiyaya man shanu daga ciki. Kwalbar maganin kaska ce, irin wadda suke wanke shanu da ita, an kankare takardar. Na ce ta ba ni in gani. Ta riƙe abinta ta ce ta wanke da toka sau uku.

Na ce, "Inna, toka ba ta fitar da shi. Ki ba ni, in ba ki wata."

"Ke wace ce?"

"Likita ce."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga ƙurar buhu a hijabina. "Likita a nan? Ina asibitinki?"

Na zauna a ƙasa kusa da ƙwaryarta. Na tambaye ta ko akwai wanda ke yawan ciwon kai da jiri a rugarsu bayan an wanke shanu. Ta ce mijinta, da babban ɗanta. Muka daɗe muna magana, masu sayen nono suna zuwa suna tafiya. A ƙarshe ba ta ba ni kwalbar ba, ta ce ba ta ba baƙo kayanta. Amma ta kwatanta mini rugar, bayan Sukuntuni, ta ce in zo ranar da maza suke gida in faɗa musu da bakina, don ita ba za su ji tata ba. Na ce mata ranar Asabar ina tafe.