Hannun Mai Tuta

Ni ne sakataren reshenmu na 'yan mazan jiya, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya san sakatare ake jibga wa aikin da kowa ke gudu. Muna taro Asabar ɗin farko ta kowane wata a wani ajin firamare a Durumi, tsofaffi rututu a kan bencin yara, gwiwoyinmu na tokarar tebur. Musulmi ya buɗe da addu'a, Kirista ya rufe, wata mai zuwa a juya.

Lokacin da muke shirin ƙaddamar da gidauniya don matan abokanmu da suka rasu, ciyaman ya tsayar da ni bayan an watse. Ya ce mai tutarmu ba zai ɗauki tuta ranar ba, kuma ni zan je in gaya masa.

Mai tutar tsohon samanja ne daga Filato, ya girme mu duka, Baba muke ce masa. Tun kafa reshen shi ke ɗaukar tutar a kowane fareti, a gidansa ma take kwana. Amma shekarar nan hannunsa na dama ya fara rawa. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. A wurinmu tuta ba ta taɓa ƙasa. In ta taɓa a gaban baƙi, kunyar ta reshe ce gaba ɗaya, wanda ya ɗauko ta kuwa ba zai sake ɗaga kai cikinmu ba.

Na taso daga Lugbe na shiga motar Nyanya inda Baba yake zaune, cunkoson hanya ya ba ni awa biyu cur ina haddace abin da zan faɗa. Na tarar da shi yana goge tagullar kan sandar tutar da lemun tsami da toka. Matarsa ta wanke farar safar hannunsa ta shanya a igiya.

"Oga sakatare, ka zo duba ni ne?" in ji shi. "Komai redi. Tuta yana nan lafiya."

Muka shiga ɗaki, matarsa ta kawo gwaten acca. Na ga yadda cokali ke kaɗawa a hannunsa kafin ya kai baki. Na ci, na ƙara, muka yi hirar fansho da ciwon gwiwa, na yi sallama na fito da saƙona a ciki. A hanya ciyaman ya bugo waya ya tambaya ko an gama. Na ce an gama, yallaɓai. Na so in kira abin tausayi, amma tsoro ne zalla. Ban iya kallon idon tsohon nan in ce masa ya ƙare ba.

Ranar taron an kafa rumfa a filin makarantar. Manyan hafsoshi masu ritaya sun zauna a gaba tare da wani darakta daga ma'aikata, shi ne babban mai ƙaddamarwa. Matan mamatanmu na jere a gefe. Kofur ɗin da ciyaman ya zaɓa ya maye gurbin Baba na tsaye yana jiran a miƙa masa tuta. Sai ga Baba ya shigo, ya riga ya ɗaura ɗamarar fatar da ake soka gindin sanda a cikinta, safar hannunsa fara fat.

Ciyaman ya matso kusa da kunnena. "Saje, ba ka ce an gama ba?"

Bai jira amsata ba.

"Baƙi sun zauna, ba zan yi tonon silili a gabansu ba. Amma in ta taɓa ƙasa, kai da shi."

Na karɓi wurin mai rakiya na dama, gefen hannun da ke rawa. Macin ya tafi sumul, har na fara cewa a raina ciyaman ya cika zuzuta abu. Sai darakta ya kama lasifika, ya yi ta jawabi kamar ba zai sauka ba, mu kuwa muna ƙame a rana. Zufa na bin bayana. Ina jin numfashin Baba yana ƙara nauyi.

Aka busa begila don shirun minti ɗaya. A nan ne ake sunkuyar da tuta gaba, ta kusa ƙasa amma kada ta taɓa, kuma duk nauyin a hannun dama yake. Baba ya sunkuyar. Na ji sandar na ƙwanƙwasar ɗamara, ƙwas ƙwas ƙwas. Da wutsiyar ido nake kallon gezar tutar. Saura taƙi guda tsakaninta da turɓaya, sai ya koma yatsa huɗu, sai biyu. Soja a ƙame ba ya motsi ko ƙuda ya shiga hancinsa, shi Baban ne ma ya fi kowa tsawatar mana a kan haka.

Na taka ƙafa ɗaya gaba na cafke sandar. A cikin shirun nan duk filin ya ji ƙarar takalmina.

"Sake," in ji shi, haƙoransa a cije.

Ban sake ba. Tare muka riƙe har begila ta sake kuka, tare muka ɗaga.

Da aka sallami fareti ciyaman ya dafa kafaɗata ya ce na fitar da reshe kunya. Ban ji daɗin yabon ba ko kaɗan. Na bi Baba bayan aji, na tarar ya kwance ɗamarar da kansa, ya kira kofur ya ba shi tutar da safar hannun, yana nuna masa inda ake dafe sanda. Da ya gama ya juyo gare ni.

"Ka zo gidana, ka ci abincin matata. Ni da kai ne kawai a ɗaki. Me ya hana ka gaya mini a can? Sai ka bari ka gaya mini a gaban matan abokaina."

Har yau yana zuwa taro, yana zama a bencin baya. In na kira sunansa a rajista yana amsawa. Amma tun ranar bai sake ce mini oga sakatare ba, ni ma ban sake samun ƙarfin halin shiga motar Nyanya ba.