Goggo Kande da Zamunanta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 27 ga Mayu, 2025, Ni'mat ta bugo mini waya daga Omdurman tana kuka, ta ce mahaifiyarta, Goggo Kande, yayar babanmu, ta cika. Kwalara ce ta ɗauke ta, a ƙofar wani asibiti da gado ya ƙare a cikinsa.

Goggo, ba ki taɓa sanin shekarar haihuwarki ba, kuma abin bai dame ki ba. Da zamani kike lissafi. An haife ki a zamanin auduga, lokacin da iyayenku ke ƙwadago a gonakin Jazira. Kin yi aure a zamanin fari. Kin haifi Hadi, autanki, a zamanin ambaliya, ruwa na cin gidajen unguwarmu ta Hajj Yusuf. Mu da Larabci ya fi zama a bakinmu, in mun ji "zaman" sai mu ɗauka abin da ya shuɗe kike nufi. Kikan yi dariya ki ce, "Ke Layla, a Hausa wanda kike cikinsa ma zamani ne. Rigar nan ta jikinki ba ta zamani ba ce?"

Sai yaƙi ya zo. Wata safiya masu bindiga suka tare Hadi a bakin titi, suka sauke shi daga raksha, babur mai ƙafa uku da yake haya da shi, suka jefa shi a mota kina kallo. Maƙwabta suka cika gidan ana jaje. Wani dattijo ya ce, "Sai haƙuri, Hajiya, zamani ne ya zo da haka." Kika ɗago kai kika ce, "Malam, zamani ba shi da hannu. Mutane ne suka tafi da ɗana, na ga fuskokinsu." Daga ranar ban ƙara jin kin sa wa wani lokaci suna ba. Na taɓa tambayarki me za mu kira wannan da muke ciki, kika ce in bari wanda ya tsira ya raɗa masa.

Muka gudu, ke kika ƙi fita, wai kada yaron ya dawo ya tarar da gida a kulle. Kika kafa tukunya a tsakar gida kina dafa ƙananan waken nan da ake kira adas, duk mai yunwa a unguwa ya kawo kwanonsa. Da itace ya ƙare, ƙyauren ɗakinki kika sa aka faskara. Da hanya ta buɗe kika haye kogi zuwa Omdurman wajen Ni'mat, kina bin duk inda aka ce an sako fursunoni, kina leƙa fuskar kowane ramamme. A wannan yawon ne ƙishirwa ta sa kika sha ruwan da ya zama ajalinki.

Allah Ya gafarta miki, Goggo. Ya yalwata kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, Ya sa abincin da kika ciyar ya tsaya miki ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyya ga babanmu Malam Salih, da Ni'mat da 'ya'yanta, da mutanen Hajj Yusuf duk inda yaƙi ya watsa su. Kai kuma Hadi, in kana raye, Allah Ya ba ka haƙuri ranar da labarin zai iske ka. Ni'mat ta sa alama a kabarin, za ta kai ka.