Batirin da Lawwali Ya Zaɓa

Lawwali mai gyaran rediyo ne a Magama, rumfarsa na kallon layin motocin da ke jiran tsallakawa Nijar. Ba shi da yawan magana, bai kuma yi boko ba, amma duk abin da ke da waya a ciki, in ka miƙa masa sai ya gano ciwonsa. Amininsa Arzika direba ne ɗan Maraɗi, yana jan tsohuwar Fijo ta ubangidansa.

Bayan ƙaddamar da shari'a, da kiɗe-kiɗen tasha suka yi sauƙi, su biyun suka samo abin ɗebe kewa. Lawwali yakan sayo matattun motocin wasa masu rimot, ya gyara su, ya liƙa musu goshin gwangwani. Bayan la'asar a shimfiɗa tsohon ƙyaure a ƙasa, a haɗa su karo kamar raguna. Wadda aka turo waje ta faɗi. Ba a sa ko sisi, amma direbobi da 'yan dako sukan kewaye suna ihu.

Wahalar abin ita ce batir. Na fitilar caji yana daɗewa, sai dai mota kan riƙa jan jiki kamar jakin da aka labta wa gishiri. Ƙananan na rediyo kuwa kafin karo biyu sun mutu. Da wayar salula ta iso gari, Lawwali ya koma kan batiranta, har wurin mai saida zinariya yake kai su a ɗora a sikeli.

Motar wasan Arzika ta sha kaye sau bakwai a jere.

"Lawwali, mi ke damun tawa ne? Kullum ita ke ƙasa."

"Nauyi ya yi mata yawa. Bar mini ita kwana biyu."

Ya haɗa batiran waya uku, ya ɓare bawonsu, ya cire ɗan allon lantarkin da ke kansu, wanda ke tsaida caji in batir ya cika. Ya san amfaninsa sarai. Ya dai ga nauyin ya ragu, ransa ya so.

"Kada ka bar shi a caji ya wuce rabin awa," in ji shi.

"Na ji, ɗan'uwa."

A makon nan Arzika ya ci sau uku. Ya riƙa yawo da motar har Maraɗi yana nuna wa mutane.

Ranar kasuwar Jibiya, yana cikin layi, ya jona batirin a wurin kunna sigari na Fijo, ya tafi sallar azahar. Daga masallaci aka tsaida shi kan takardun kaya. Kafin ya dawo batirin ya fashe, kujera ta kama da wuta, ga jarkar fetur a but ɗin motar. Ba kowa a ciki, amma motar ta ƙone ƙurmus da kayan fasinja.

Da yamma ya zo rumfar, rigarsa duk toka, ya zauna. Lawwali ya buɗe baki da ƙyar. "Arzika, ni na cire..."

"Kai ka ce rabin awa, ni na manta. Ƙaddara ce, bar zancen nan."

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi wa Lawwali sauƙi.

Ubangidan ya sallami Arzika, kuma ba wanda ya ƙara ba shi mota a hanyar. Ya tafi Agadas, ya shiga jan manyan motocin hamada. Sau biyu ya kira, yana dariya, yana tambayar wa ke ci yanzu. Lawwali bai gaya masa tun ranar ba a sake wasan ba. A shekara ta uku saƙo ya zo cewa zazzaɓi ya kashe Arzika a hanya, can aka rufe shi.

Lawwali ya je Maraɗi ta'aziyya. Zuwaira, matar marigayin, ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule. "Malam Lawwali, ba ranar da ba ya ambatonka," in ji ta. Ya sunkuyar da kai.

Har yanzu yana nan Magama, gemu ya yi fari. Duk Sallah yakan tsallaka da yadi da takalma ya kai wa 'ya'yan Arzika uku. Babbar, Zulfa, bara aka yi mata aure, shi ya tsaya a matsayin uba.