Akwatin Malam Hudu

Ranar Alhamis ce, ina kasuwar shanu ta Maigatari ina duba bakin wani bijimi da aka shigo da shi daga Nijar, sai wayata ta yi ƙara. Bello ne, abokin karatunmu na garin Sule Tankarkar. Ya ce Allah ya yi wa Malam Hudu rasuwa da hantsi, za a yi jana'iza bayan azahar. Na yi salati, na wanke hannu, na hau mashin. Kafin in isa Gumel har an dawo daga maƙabarta. Ban ga laifin kowa ba da ba a jira ni ba, domin rabona da ƙofar gidansa wata takwas ke nan.

Malam Hudu shi ya koyar da ni a aji biyar na firamare. Da ya yi ritaya sai ya buɗe zaman karatu a zaurensa, Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan la'asar. Ba mu da yawa, kuma a warwatse muke: wasu a Gumel, wasu a Gagarawa, ni a Maigatari. Littafi ɗaya ake saye, na labari ko na tarihi. Malam zai sa reza ya warware ɗinkinsa, ya raba shi kashi-kashi, ya ɗinke kowane kashi da zare. In ka gama naka, ka rubuta abin da ka gani a gefen shafi, ka ba direba ko ɗan acaba ya miƙa wa na gaba. Kafin wata ya zagayo kowa ya karanta littafin, ya kuma karanta abin da 'yan'uwansa suka ce. Idan an gama tattaunawa sai a tattara kason duka a zuba a wani akwatin ƙarfe da ke kusurwar zauren.

A saman kowane kashi Malam yakan rubuta Bisimilla da tawada, sharhinsa kuwa da ajami yake yi, don hannunsa ya fi gudu a can. Na taɓa tsokanarsa, na ce me ya haɗa Bisimilla da labarin soyayya? Ya ce ya san mutanensa. Takardar boko a hannun mai ƙosai take ƙarewa, amma wadda ke ɗauke da sunan Allah, ko kwandasta ba zai ajiye ta a ƙasa ba. Haka kuwa aka yi. Shekara kusan ashirin, kashi ɗaya bai taɓa ɓacewa a hanya ba.

Ba ya yarda mutum ya ce littafi ya yi daɗi ya yi shiru. Yakan ce, “Kada ka gaya mini ya yi daɗi, nuna mini shafin da ya ba ka haushi.” Idan kuma bakinmu ya zo ɗaya da wuri, sai ya ɓata rai ya ce ashe ba mu karanta ba. Bello a rugarsu ya tashi, karatun bokonsa a hankali yake tafiya, kuma yana jin nauyin hakan. Kullum shi Malam yake ba kashin farko, kwana uku kafin a raba wa kowa. Bai taɓa faɗar dalili ba, mu ma sai da muka daɗe muka gane.

Abin da ya biyo baya ni na jawo shi, kuma gara in faɗa da bakina. Ni na kawo shawarar mu buɗe zauren hira a waya, na ce mai ya yi tsada, ga tafiya. Kowa ya yi na'am. Wayar Malam 'yar ƙarama ce mai maɓalli, ba ta shiga irin wannan zaure, sai muka ce za mu riƙa sanar da shi abin da aka tattauna. Ba abin da aka tattauna. Zauren ya cika da barka da Juma'a da hotunan 'yan siyasa. Masu zuwa Gumel suka koma uku, suka koma biyu. Sau biyu Malam yana aiko direba ya tambaye ni ko lafiya, ni kuwa ina cewa a gaya masa ina nan tafe.

Bayan addu'ar uku na nemi iso wurin maiɗakinsa, Inna Rabi. Na yi mata gaisuwa, sannan na ce idan an yarda muna son akwatin, mu ci gaba daga inda Malam ya tsaya. Ta ce jiya aka share zauren saboda masu ta'aziyya. Ƙanin Malam, Alhaji Mamman, ya buɗe akwatin ya ga takardu a warware, kowace da Bisimilla, ga rubutun ajami a gefe. Ya ji tsoron iska ta watsa su a taka, ko awaki su ci. Sai ya kai su bayan gida wuri mai tsarki ya ƙone, ya binne tokar, kamar yadda ake yi wa tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani.

Na ce, “Inna, ba wanda ya gaya masa ko mene ne?”

Ta ce, “Wa zai gaya masa, ɗan nan? Ni ba karatu na yi ba. Duk Asabar ɗin farkon wata da ta zagayo sai ya sa na dafa shayi, ya shimfiɗa tabarmi uku. Ni nake naɗe su da magariba.”

Ba ni da bakin da zan zargi Alhaji Mamman. Girmamawa ya yi, iyakar saninsa. Haushina yana kanmu. A ranar da ake ƙone rubutun hannun Malam da namu na shekara ashirin, muna zauren waya muna gasar yabonsa. Wani ya sa hotonsa, wani ya kira shi fitilar Gumel, wani ma ya ce a sa wa zauren wayar sunansa. Da ɗayanmu ya tsaya minti biyar a ƙofar zauren nan na gaskiya, da an miƙa masa akwatin da hannu biyu. Na fita daga zauren wayar, kuma na san wannan bai dawo da shafi ko ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Malam Hudu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ya tsare musu mutuncinsu a bayansa. Allah ya ba Alhaji Mamman ladar niyyarsa. Mu kuwa da aka shimfiɗa wa tabarmi ba mu zo ba, Allah ya sa Malam ya yafe mana tun yana da rai, domin yanzu ba mu da hanyar tambayarsa. Amin.