Zanzaron Sito na Ikorodu

A cikin shekarar nan da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, Allah ya nufe ni da biyan wani bashi, bashin ziyara. Taubashina mai sayar da goro ya koma Ikorodu da zama, ya sha zuwa wurina Agege, suna da jana'iza ba ya fashi, ni kuwa ko ƙofar gidansa ban sani ba. Duk zuwan da ya yi sai ya goranta mini.

Ranar wata Laraba wani direba ya kawo mini saƙon baki: wai zanzaro sun hana taubashina shiga sitonsa, goro na neman lalacewa. A Legas idan aka ce zanzaro, masu cusa riga cikin wando muke nufi. Na ce shi ke nan, ma'aikatan haraji sun garƙame masa sito.

Mun tashi da asuba, ni da wani maƙwabcina haifaffen Agege da ke jin Yarabanci kamar kakarsa ce ta yaye shi. Shi zai yi mini tafinta. Na sa babbar riga don a ji nauyina. Muka sha shayi da burodi mai ɗumi a bakin titin jirgi, muka shiga motar haya ta danfo. Kuɗin mota ya tashi, kwandasta ya ce mai ne, shi da kansa rabin jikinsa a waje yake tafiya.

A Mile 12 muka sake mota. Warin albasa da ruɓaɓɓen tumatir ne suka fara yi mana maraba, sai Hausa ko'ina, ta Kano da ta Sakkwato, 'yan dako na ratsa taɓo da kwanduna a ka. Daga nan hanya ta bi ta gefen ruwa, masunta na cikin kwalekwale suna jefa birgi. Duk tsawon hanyar ina tsara kalaman ban haƙuri, maƙwabcina na juya su da Yarabanci.

Muka tarar da taubashina zaune nesa da sito, kunnensa ɗaya ya kumbura, galan ɗin maganin ƙwari a gabansa.

Na ce, "Ina ma'aikatan?"

Ya dube ni, ya dubi babbar rigata, sai dariya har da hawaye. "Bawana, ƙwaro ka sa wa babbar riga? Har da tafinta?"

Bayan mun huta ya ce zai feshe siton gaba ɗaya. Kowa ya san goro da ɗaukar wari, in maganin nan ya ratsa ganyen huhun goro, jarinsa ya tafi. Na ce ya dakata. Na yi shekara da shekaru ina rubutu a zaure, zanzaro ne abokan zamana, kuma yadda ɗigo ɗaya ke raba dal da zal, haka ƙaramin abu ke raba su.

Na yi bismilla na shiga. A jikin bango ga irin na farko: baƙi, ƙugunsa dogo siriri kamar tsinke, launin rawaya, ƙafafunsa ma da rawaya. Shi ke jera ɗakunan laka dogaye, ya cika su da gizo-gizo don 'ya'yansa. Kusa da shi ga mai kama da shi sak a ƙira, sai dai shuɗi ne mai ƙyalli, babu rawaya ko kaɗan. Wannan ba ya gini, tsohon ɗakin wani yake gyarawa ya shiga. Taubashina daga bakin ƙofa ya ce, "Wannan ɗan haya ne, ɗan Legas!" A saman taga kuma ga mai ja-ja, ƙugunsa da ɗan kumburi, in ya sauka yakan naɗe fukafukansa. Gininsa tulu ne ƙarami har da baki. Dukansu kowa shi kaɗai yake zamansa, ba ruwansu da mutum sai an damƙe su.

Mai laifin yana bayan ƙyaure: saƙar rina, mai kama da takarda, tana lilo, su da yawa a kai. Muka janye huhunan goro gefe, muka kori rinar da hayaƙin tsumma, muka cire saƙar. Galan ya koma ɗaki ba a buɗe shi ba.

Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi ɗanye, muka yi azahar tare. La'asar sakaliya muka kamo hanya, muka iso Agege ana kiran isha'i.

Tafiyar nan ta koya mini in tambayi mai saƙo sau biyu, in kuma dubi halittar Allah da kyau kafin in yanke mata hukunci. Da zai sa mu a mota taubashina ya cusa mini farin goro a aljihu, ya ce, "Na yafe bashin, bawana. Ashe ba ni ne zan kawo ka Ikorodu ba, sai ƙwaro."